Tsohuwar Fijo da Mai Gyaranta

Wanda ya jawo tsohuwar Fijo 504 ya ajiye a tsakar gida da niyyar tayar da ita, tsatsa zai fara cin karo da ita. Daga nesa bodi lafiya lau. Sai ya ɗauki maganaɗisu yana bin jikin ƙofa, ya ga ya kama a nan, ya saki a can. Inda ya saki babu ƙarfe, foti ne wani mai fenti ya cusa tun shekarun baya ya rufe da launi. In aka soma kankarewa, fentin hawa-hawa yake fitowa: fari a sama, ƙarƙashinsa kalar tasi, can ƙasa kuma kalar da ta fito da ita daga kamfani. Kowane hawa akwai mutumin da ya taɓa cewa "motata". Da yawansu yau suna ƙarƙashin ƙasa.

Motar da ta tsufa a Legas danshi ne ke cinye mata ƙasan kujeru da bakin taya. Wadda ta tsufa a Kano ko Katsina ƙarfenta kan daɗe, amma rana ta gama da robobinta, gaban direba ya tsattsage, kujeru sun zama gari. Ko'ina aka ajiye ta akwai mai cin ta. Fanel bita zai yanke ruɓaɓɓen wuri, ya yanko sabon ƙarfe ya yi walda, ya bi da guduma a hankali har layin ƙofa ya miƙe. Aiki ne mai kyau, kuma halal ne. Ni ma ina cikin masu tsayawa kallonsa har su manta abin da ya fito da su.

Wannan mota ta yi zamani. A 1968 ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, kuma kafin shekarar ta ƙare mulki ya bar hannunsa. Janar Murtala da ya gaje shi, Allah ya jiƙansa, an harbe shi ranar 13 ga Fabrairu 1976 cikin Marsandi, motar tana nan a gidan tarihi na Legas da hujin harsasai a jikinta. Bayan haka Fijo ta zama motar gwamnati. Babban sakatare yana cikinta, alƙali yana cikinta, mai ƙaramin ƙarfi kuwa yana shigar mai dogon baya a tasha. Faransa ta daina ƙera ta tun da daɗewa, Kaduna ta ci gaba har bayan shekarar 2000. Yau in ka shiga Panteka ko Ƙofar Ruwa neman fitilarta ta gaba, sai yaron shago ya kira tsohon gidan ya zo ya ji me kake nufi. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

A 1975 ɗin nan wani ɗan ƙasar Suwidin, Ove Andersson, ya ci gasar Safari ta Kenya da 504, sunansa ya zaga duniya. A 2008 ya rasu a Afirka ta Kudu, hatsari ya rutsa da shi cikin gasar tsofaffin motoci, yana da shekara 70. Motar da yake tuƙi ranar an kula da ita, an adana ta fiye da rabin ƙarni.

Injin 504 ɗin ne ke ɗaukar hankali ya tafi da shi. Silinda huɗu ne, a kishingiɗe gefe guda. In motar ta daɗe a ajiye, fistin kan manne ya ƙi motsi, sai a cire kan injin a zuba masa mai a bar shi kwana da kwanaki yana jiƙa, don gaggawa karya ringi take yi. Daɗin wannan inji shi ne silif ɗinsa na cirewa ne: a zare wanda ya cinye, a zura sabo, a sa sabon fistin da ringi, injin da ya shekara arba'in ya dawo da ƙarfinsa na fari. Kafireta a warware ta, a wanke da fetur, a hure ƙananan ramukanta. A sake kuloci, a duba giya, a bi farfela da ke tafiya cikin bututunta har zuwa tayoyin baya. Ranar da aka murɗa makulli ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta ɗauka, mutum ji yake kamar ya ci nasara a kan shekaru.

Amma dubi hannun da ya murɗa makullin. Lokacin da aka soma aikin yana kwance ƙusa ba tare da neman taimako ba. Yanzu sai ya sa bututu a kan sifana, ya kira yaro ya danna. Yana shiga ƙarƙashin mota cikin sauƙi, fitowar ce sai ya dafa taya ya numfasa. Lambar da ke jikin sifana, sai da tabarau. Babu shagon da ke sayar da gwiwa a Panteka. Ba a zare silif ɗin zuciya a zura sabo.

Tsofaffin kanikawan da ke saita kafireta da kunne, su karkata kai su ce "ƙara mata kaɗan, ya isa", suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ka je garejin ka tambayi Baba, a ce ai an kai shi tun bara. Yaransa kwamfuta suke jonawa mota ta gaya musu ciwonta, kuma ba laifinsu ba ne.

Ya kai raina, faɗi gaskiya, me ake nema a jikin wannan ƙarfe? Mafi yawan masu wannan aiki ba abin hawa suka rasa ba. Wani motar mahaifinsa ce. Yana tuna ƙamshin kujerarta ranar Sallah, da yadda tsohon ke ɗora gwiwar hannu a taga. Zai samu irin fentin. Zai samu irin sitiyarin, har da zakin da ke gaba. Zai gama, ya zauna a kujerar direba, ya waiga. Mahaifin ba zai shigo ba. Yaron da ke zama a baya ma ya tafi, mai furfura ne ya rage a madubi.

Ban ce a ajiye sifana ba. Na ga dai yadda muke bin tsatsa lungu-lungu, ba ma yarda a rufe ko ɗigo da foti, alhali akwai haƙƙin wani da muka shafe da fenti tun tuni, da ɗan'uwan da muka daina gaisawa, da La'asar da ta wuce muna kwance ƙarƙashin giya muna cewa saura ƙusa ɗaya.

Motar za ta iya daɗewa bayan mai ita. Ranar rabon gado za a yi mata kuɗi tare da fili da firij. Wani ɗa zai ce a bar ta, wani ya ce a kira 'yan gwangwan su auna. Takardunta za su koma sunan wani. Shi kuwa mai gyaran an riga an wanke shi, an sallace shi, an ɗauke shi a kafaɗa. Ya koma ga wanda ya ƙera shi tun farko. Za a tambaye shi shekarunsa. Za a tambaye shi dukiyarsa, ina ya samo, ina ya kashe.

Allah ya jiƙan waɗanda suka haɗa ta a Kakuri, da waɗanda suka tuƙa ta suka riga mu. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.