Hurumin Fadama A Shari'ar Musulunci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai masu zaton keɓe daji ko fadama a hana taɓa su al'ada ce ta Turawa. Wannan zato kuskure ne. Shari'a ta san abin da Larabawa ke kira Hima, watau hurumi. Manzon Allah (S.A.W.) ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza domin dabbobin zakka. Malamai sun ce hurumi halal ne ga shugaba idan amfanin na jama'a ne, haram ne idan don kansa ya yi.

A ƙasar Haɗeja akwai misali, watau gandun Baturiya, wanda aka sa cikin dausayoyin da duniya ta yi alkawarin tsarewa a 2008. Idan kogi ya cika ya malala, kifi kan hayayyafa, ciyawa ta tsiro, ɗinya da kirinjijiya su sauka, har da tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, malalar ta ragu, masunta da makiyaya suka ji a jika.

To, Gulbin Sakkwato da ya ratsa Gusau da Bunguɗu shi ma amana ne, haka rafukan ƙasar Tsafe. Wanda ya zuba guba a ruwa don kama kifi ya kashe uwa da ƙwai, ya cuci mai sha a ƙasa da shi. Wanda ya sare itatuwan gaɓa ya buɗe wa zaizaya ƙofa zuwa gonar maƙwabcinsa. Wanda ya cinna wa fadama wuta don gafiya ɗaya ya ƙone sheƙa ɗari. Aya ta 38 cikin Suratul An'am ta nuna dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mutane, saboda haka suna da hakki.

Wajibi ne ga sarakuna da hakimai su shata hurumi a bakin gulbi, su tsare shi ba sani ba sabo. Limamai su bayyana hukuncinsa a huɗuba, talakawa kuwa su kiyaye iyaka ko da mai gadi ba ya nan, domin Allah Yana gani.

Allah Ya ba da ikon riƙon amana, amin.