Amanar Yara Tana Wuyan Unguwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a watan Satumba na shekarar 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutane kimanin 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa, waɗansu da tabon bulala a gadon baya. Gidan kuwa da sunan makarantar gyaran tarbiyya yake, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka fitar iyayensu ne suka kai su da hannunsu. A watan Oktoba aka sake gano irinsa a Daura. Abin tambaya ga kowane Musulmi shi ne, ina maƙwabta suke, ina limamin unguwa, ina mai unguwa, har wannan abu ya daɗe yana gudana a tsakiyar gari? Shari'a dai ba ta bar wannan tambaya ba amsa ba.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa wani mutum mai suna Sunainu Abu Jamila ya tsinci jariri da aka yar a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi. Da ya kawo shi, Umar bai sallame shi nan take ba. Ya tambaye shi dalilin da ya sa ya ɗauki yaron, mutumin ya amsa cewa ya same shi ne yana shirin halaka. Sai wakilin jama'arsa, wanda matsayinsa ya yi kama da na mai unguwa a ƙasar Hausa, ya shaida cewa mutumin kirki ne. Bayan wannan shaida ne Umar ya bar masa yaron, ya hukunta cewa ɗa ne ba bawa ba, kuma ciyar da shi yana kan Baitulmali.

Mai hankali zai ga abubuwa uku a wannan ƙissa. Shugaba ya bincika kafin ya damƙa yaro ga wani, ko da kuwa wanda ya zo da niyyar alheri ne. Wanda ya san mutumin a inda yake zaune shi aka saurara. Hukuma kuma ta ɗauki nauyin kuɗi, ba ta jibge shi a kan mai taimako ba. Saboda haka ne malaman fiƙihu suka ce ɗaukar tsintaccen yaro farilla ce ta kifaya: idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, idan kowa ya kau da kai dukan mutanen wurin sun yi laifi.

Haka nan a babin reno, Muhtasar na Shaihu Halil ya sanya amana da iya ɗaukar nauyi cikin sharuɗɗan mai riƙon yaro. In sharaɗi ya ɓace, riƙo ya koma hannun wani. To, idan uwa da kaka ba su fi ƙarfin waɗannan sharuɗɗa ba, yaya za a ce mai makaranta ko mai gidan marayu ya fi ƙarfinsu?

Waɗansu sukan ce duba makarantar malami cin mutuncin malanta ne. Wannan magana ba ta da tushe, domin malamai ne da kansu suka fara kafa iyaka. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Ƙairawan wanda ya rasu a shekarar 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban masu koyarwa. A ciki ya ƙayyade horon yaro a kan karatu ga bulala uku, ya hana dukan kai da fuska, ya kuma hana a tsare yaro daga abincinsa. Ina wannan, ina ɗaure ɗan mutum da sarƙa wata da watanni? Malamin da ke tsoron Allah ba ya ƙin a leƙo zaurensa, mai ɓoye wani abu shi ke garƙame ƙofa.

Nijeriya ta kafa dokar haƙƙin yara a 2003, a 2023 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Amma doka ba ta jin kukan yaro da tsakar dare, maƙwabci ne ke ji. Don haka ya wajaba kowace unguwa ta tsayar da amintattun mutane, liman da mai unguwa da dattawa, har da mata masu hankali, domin yarinya ba ta buɗe cikinta ga namiji. Su san kowane gida da ake tara 'ya'yan mutane, da yawan yaran, da garuruwan iyayensu. Su riƙa shiga ba tare da sanarwa ba, su ga makwanci da abinci, su keɓe da yaran su ji daga bakinsu. Abin da ya fi ƙarfin nasiha su kai shi ga hakimi da jami'an jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko ga 'yan sanda, kada su rufe da sunan rufin asiri. Asirin da Shari'a ta so a rufa shi ne na mai laifi tsakaninsa da Ubangijinsa, ba na mai cutar da marar ƙarfi ba.

Uba kuma ya sani kai yaro wurin malami bai sauke masa nauyi ba. Hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito, ya kamanta kowane mai iko da makiyayi da za a tambaya game da kiwonsa. Makiyayin da ya shekara bai leƙa garkensa ba, wace amsa ya tanada?

Allah Ya tsare 'ya'yan Musulmi, Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, amin.