A Daina Kwantar Da Mara Lafiya Ba A Gwada Sugansa Ba

Wani sakaci na yaɗuwa a asibitocinmu, kuma ganganci ne da rayukan bayin Allah. A kawo mutum ya rame, ƙishirwa ta hana shi sakat, yana kwana yana zaryar fitsari, sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, a ɗaura masa ƙarin ruwa mai suga, ba wanda ya tsaga masa yatsa ya gwada jininsa don a ga ko ciwon suga ne. Gwajin da ba ya cin minti guda! Wane uzuri ke gare mu?

Tun 1921 Banting da Best suka gano insulin, maganin ciwon suga, a Toronto. Yau, bayan fiye da shekara ɗari, sai ka tarar da ɗakin kwanciya ga na'urar gwaji amma babu tsinken gwaji, a ce da dangi su tafi kemis su sayo, ko da ƙarfe biyun dare ne. Insulin na buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, amma ana barinsa a firjin da ya kwana uku bai ga wuta ba, sannan a yi mamakin sugan ya ƙi sauka.

Mafi muni shi ne a yi wa mutum allurar insulin, abinci bai iso ba, ba kuma wanda ya dawo ya leƙa shi. Suga ya faɗi ƙasa da 70, gumi ya keto masa, jiki na karkarwa, ya fara sambatu. Masu jinya su ce iska ce, su shiga tofi, har ya zarce doguwar suma. Wa zai amsa wannan a gaban Allah?

Sai ƙafa. Likita nawa ne ke cewa mai ciwon suga ya cire takalmi a duba? Ciwon na kashe jijiyoyi, ƙusa ta soke shi bai ji ba. Ɗan rauni ya zama gyambo, gyambo ya ruɓe, a yanke yatsa, bayan wata biyu a yanke daga gwiwa. Magidancin da ke noma ya koma zaman gida, 'ya'ya su bar makaranta, a sayar da gona. Ido na dushewa a hankali, ƙoda kuma ta kai shi layin wankin da ko mai albashi ba ya iya ɗauka.

Ku shugabannin asibiti, ku da kwamishinonin lafiya, ku saka doka: duk wanda aka ba gado a gwada sugansa kafin a ɗaura ruwa, a rubuta a katinsa, a haɗa allura da lokacin abinci. Kar kuma a sallami kowa sai an koya masa yin allura da kansa, an nuna masa alamun faɗuwar suga, an ba shi ranar dawowa.