Teɓa Ba Arziki Ba Ce: Nasiha Ga Mutanen Zangon Wagadugu

'Yan uwa, kakanninmu fatake ne. Daga Kano da Katsina suke tasowa da jakuna, su ratsa ƙasar Mosi har Salaga neman goro, wata da watanni suna tafiya a ƙasa. Yau jikansu ba ya iya zuwa masallacin bayan layi sai ya tayar da babur. In tumbi ya fito a ce Alhaji ya samu. In amarya ta yi ƙiba a ce mijinta ya iya kiwo.

Ku dubi teburin mai shayi da safe. Madarar gwangwani mai zaƙi ta cika gindin kofi, a ƙara sukari, a kawo burodi ya sha bota. Da rana shinkafa tana iyo cikin mai, an marmasa mata dunƙule a inda dā daddawa ke zama, a kora da lemon kwalba. Tuwon dawa da miyar kuka, wake da zogale, duk sun koma abincin wanda bai da hali. Ƙarshenta sai ciwon sukari da hawan jini, kuɗin da aka tara a kasuwa ya ƙare a sayen magani.

Matsalar ta game duniya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 na fama da ƙiba mai cutarwa. Shawararta kuwa, gishiri kada ya kai giram 5 a yini, motsa jiki kada ya gaza minti 150 a mako.

Allah ya yi jikin ɗan Adam da saurin farfaɗowa. Tsoka in tana aiki, da kanta take zuƙe sukari daga jini. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna cewa masu dab da kamuwa da ciwon sukari, da suka rage nauyi kaɗan suka riƙe motsa jiki, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100.

Iyaye mata, ku rage mai, ku mayar da ganye cikin tukunya. Magidanta, ku jingine babur, ku taka. Malamai, ku faɗa a kan mumbari cewa jiki amana ne, kuma za a tambaye mu a kansa.