Sakaci da Mota da Hukuncin Man da Ya Ƙone a Banza

Motar da ba a kula da ita tana shan mai fiye da ƙima. Wannan magana ce ta gareji, kowane bakanike ya san ta. Amma a ƙarƙashinta akwai tambaya ta fiƙihu: man da ya ƙone saboda tayar da ba a sa wa iska ba, ko fulogin da ya mutu aka bar shi, yana cikin tozarta dukiyar da shari'a ta hana, ko kuwa asara ce irin wadda kan sami kowa? In akwai laifi, a wuyan wa yake?

Tambayar ta ƙara nauyi tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da dama. A ƙasar Rano, wadda sunanta ke rubuce a gidajen man A.A. Rano a sassan Nijeriya, fetur ya shiga lissafin kowane gida. Da shi ake kwaso masara da gyaɗa daga ƙauyukan Kibiya, da shi manomin rani ke tada injin ban ruwa, da shi motocin haya ke bin hanyar da ta ratsa Bunkure zuwa birnin Kano.

Hanyoyin da mai ke zurarewa sanannu ne. Tayar da iskarta ta ragu tana shimfiɗuwa a kan kwalta, inji ya ƙara wahala wajen janta. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa gyara iskar taya kaɗai na iya rage shan mai da abin da ya kai kashi 3 cikin 100, zuba baƙin mai mai kaurin da kamfani ya ƙayyade kuma kashi 1 zuwa 2. Na'urar da ke auna iskar hayaƙi a jikin salansa, idan ta lalace, gyaranta na iya dawo da har kashi 40. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. A tsofaffin motoci da baburan da ke da kafireta, irin su Boxer, wannan na sa inji ya zuƙi mai da yawa, a masu injekta kuwa ƙarfin motar ne ya fi raguwa. Akwai birkin da ke riƙewa, wanda ake gane shi da zafin ƙarfen taya bayan gajeriyar tafiya. Akwai kuma al'adar cire tamostat da sunan maganin zafin inji, wadda ke barin inji cikin sanyi yana neman ƙarin mai. A ɗauka mota tana shan lita 20 a yini, sakaci ya ƙara mata kashi 5 kacal: lita ɗaya ke nan kullum, 30 a wata.

Mutane da yawa sun ɗauka almubazzaranci sai a bikin mai kuɗi. Alƙur'ani ya yi kakkausan hani a kansa a Suratul Isra'i, kuma a hadisin Mugira ɗan Shu'uba da Buhari da Muslim suka ruwaito, tozarta dukiya na cikin abubuwa uku da Allah yake ƙi. Malamai da suka yi sharhin wannan ba su tsaya ga kashe kuɗi ba. Sun haɗa da barin dukiya ta lalace alhali ana iya kare ta. Wanda ya bar rumbunsa na yoyo har hatsi ya ruɓe bai yi shagali da ko ƙwaya ɗaya ba, duk da haka ya tozarta. Man da ya fita ta salansa a matsayin baƙin hayaƙi bai kai kowa ko'ina ba, bai ciyar da kowa ba. Saboda haka mafi ƙarfin fahimta ita ce sakaci da mota, bayan sani da iko, yana cikin wannan hani.

Sharaɗin sani da iko yana da muhimmanci, don kada a ɗora wa talaka abin da Allah bai ɗora masa ba. Direban da cinikin yininsa bai wuce cefane ba, wanda ya jinkirta sauya nozul har ya samu hali, ba a kira shi mai ɓarna. Sai dai uzurin ya tsaya inda kuɗi suka tsaya. Tsayawa wurin mai faci a auna iska, kakkaɓe matatar iska, sauke tarkacen da suka yi wata a but, kashe inji yayin da ake jiran lodi a tasha: babu ɗaya a cikinsu da ya fi ƙarfin aljihu. Cewa an dogara ga Allah ma bai zama hujja a nan ba, domin labarin mutumin da Annabi (SAW) ya umarta ya ɗaure raƙuminsa kafin ya yi tawakkali sananne ne ko ga yaran Islamiyya.

Inda mas'alar ta fi sarƙaƙiya shi ne motar haya da ake biyan balas. A irin wannan yarjejeniya, direba ne ke shan mai daga cinikinsa, manyan gyare-gyare kuma galibi na mai mota ne. Mai mota yana karɓar balas ɗinsa cif ko motar na shan lita 20 ko 25, don haka ba ya jin zafin jinkirta gyara. Direba ya kawo ƙorafi, a ce masa ya lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Kowace ranar lallaɓawa kuwa daga abincin iyalinsa ake cire ta. Wannan ya wuce tozarta dukiya ya shiga cutar da wani, kuma ƙa'idar hana cutarwa na cikin tushen mazhabar Malikiyya. Haƙƙin bawa ne, istigfari kaɗai ba ya sauke shi. Haka lamarin yake idan aka juya shi: direban da aka ba kuɗin juye ya zuba baƙin man da aka riga aka yi aiki da shi, ko direban motar ofis da ke barin inji na aiki don ya sha sanyi tunda ba shi ke sayen mai ba. Motar amana ce a hannunsa. A fiƙihu amintacce ba ya biyan abin da ya lalace da kansa, amma yana biya idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka.

Bakanike yana da nasa babi. Risalar Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zaurukan malamai a ƙasar Kano, ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka bar musu, domin maslahar jama'a. Mai mota ba ya ganin abin da ke cikin inji. Maganar gareji ce idonsa. Wanda ya sa fulogi na jabu ya karɓi kuɗin na asali, ko ya fasa salansa ya cire matatar hayaƙin da ake kira indomi ya sayar ba da sanin mai ita ba, ya ci dukiya sau biyu: ranar da ya yi aikin, da kuma duk ranar da motar ta tsaya a gidan mai.

Akwai masu haƙƙi na ƙarshe da ba a sa su a yarjejeniya, wato fasinja da mai talla a bakin tasha. Su ke shaƙar hayaƙin, kuma a kansu ƙarin kuɗin mota ke sauka. Don haka ya dace masu mota da direbobi a Rano da Kibiya su fayyace tun ranar miƙa makulli wane ne ke da juye, wane ne ke da fulogi da taya, da kwanakin da ba za a wuce ba kafin a yi gyaran da direba ya kawo, a kuma yi hakan gaban shaidu kamar yadda ake yi wa jinginar gona.