Gasar Albasa: Me Ya Kamata a Auna?

A watan Satumba na 2023, a wajen baje kolin furanni na Harrogate a Ingila, wani mutum mai suna Gareth Griffin ya ɗora albasa ƙwaya ɗaya a kan sikeli, ta kai kilo 8.97. Irin wannan albasa ba don miya ake noma ta ba. Watanni ake yi ana renonta a ɗakin gilashi, da fitilu da na'urar ɗumama ɗaki, don kawai a ce ta wane ta fi ta kowa nauyi. Mu ma nan muna da baje kolin amfanin gona, kamar wanda ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu, kuma duk sanda aka jera kaya ido kan ƙaton yake fara sauka. To, ɗan lambun da ya fita ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona a Zariya da asuba ya nufi fadama, idan ya ware fangali guda yana tattalinsa don ya ci gasa, ya yi daidai a addini? Ra'ayina shi ne gasar ba ta da laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da alƙalai suka zaɓa su auna.

Mai tsanantawa zai fara da riya. Zai tuna mana da mai gonaki biyu a Suratul Kahfi, wanda ya yi wa abokinsa alfahari da yawan dukiya, ya wayi gari gonar ta zama kufai. Zai ƙara da Suratul Waƙi'a, inda aka tunatar da manomi cewa nasa shuka ne, tsirarwa ta Allah ce. Ta yaya za a ba mutum kyauta kan abin da ba shi ya halitta ba? Hujja ce mai nauyi, sai dai idan aka bi ta har ƙarshe za ta rushe abin da malaman Zazzau ba su rushe ba. Tun 1986 ake gudanar da musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, ana ba da motoci da kujerun Makka, alhali hadda baiwa ce daga Allah kuma riya ta fi haɗari a karatu fiye da a lambu. Laifin mai gonaki biyu shi ne ya ɗauka gonarsa ba za ta taɓa halaka ba, har ya kai ga shakkar tashin ƙiyama. Kyan gonar ba ya cikin laifinsa. Wanda ya yaye iri a kan lokaci, ya yi dashe, ya kiyaye ban ruwa, kyautar ta wannan wahalar ce, kuma zuciyarsa ba alƙalin gasa ne zai leƙa ta ba. Zancen caca kuwa gajere ne: muddin hukuma ko wani mai hali ne ya sa kyautar, ba 'yan takara suka tara kuɗi wani ya kwashe ba, babu caca a ciki.

Bahaushe ma bai taɓa ƙin gasa a gona ba. A gayya makaɗi na zuga samari, kowa na son ya riga fita kunya. A ƙasashen Katsina da Maraɗi sarautar Sarkin Noma sai wanda ya noma dami dubu, kuma bikin da ake yi masa na rabon hatsi ne ga jama'a. Abin lura a nan shi ne girmamawar ta rataya a kan abin da ya shiga cikin mutane. Wannan ne ma'aunin da hadisin dashen itace ya kafa, wanda ya nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi.

Yanzu a ɗora ƙatuwar albasa a kan wannan ma'auni. Duk mai sayar da kayan miya a kasuwar birnin Zariya ya san wadda aka ɗura wa takin zamani da ruwa har ranar cira: wuyanta kauri, jikinta ruwa, idan ka danna gindin lawashin da yatsa sai ka ji ya lotsa. Ita ce ke fara ruɓewa a rumbu, ta shafa wa na kusa da ita. Wadda ke kaiwa damina matsakaiciya ce, mai siririn wuya da busasshen ɓawo, wadda aka janye wa ruwa bayan ganyenta ya kwanta, aka shanya ta ta sha iska. Ciwon manomin albasa, daga fadamar Galma har Aliero ta Jihar Kebbi, ba ƙanƙantar ƙwaya ba ne. Ciwonsa shi ne kowa na cira a lokaci guda, farashi ya faɗi, wanda ya ajiye kuma ya buɗe rumbu ya tarar da asara. Gasar da ke ba da kyauta ga nauyin ƙwaya ɗaya tana koya wa manomi ya ƙware a abin da zai cuce shi. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Sahihu Muslim ya kawo labarin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi kan algus. Manomin da ya ƙosar da albasa goma don idon alƙalai, sauran gonar na fama, bai yi nisa da mai jera manya a bakin buhu ƙanana a ƙasa ba.

Za a ce ai Baturen nan sha'awa ce tasa, bai yaudari kowa ba, kuma daga irin wannan naci ake gano sirrin shuka. Na yarda da rabin maganar. Sha'awar da ba ta cutar da kowa halal ce, ba kuma kowane halal ne sai ya ciyar da gari ba. Amma shi da aljihunsa yake wasa, a ƙasar da albasa ba ta yankewa a kanti. Idan hukuma ce za ta kashe dukiyar jama'a ta tara manoma, amana ce a wuyanta, dole kyautar ta nuna wa mutane inda maslaharsu take.

Zariya ba ta rasa masu iya gyara wannan ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta faro tun 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga kuma masarauta da sarakunan nomanta. Duk wanda zai shirya gasar albasa a ƙasar Zazzau, ya karɓi buhu guda daga kowane manomi lokacin cira, a zazzage shi a gaban jama'a, a auna, a rufe a rumbu ɗaya. Bayan wata huɗu a buɗe a sake aunawa. Wanda buhunsa ya fi saura lafiyayye shi za a ba kyauta, da sharaɗin ya tsaya ya faɗa wa 'yan'uwansa yadda ya yi.