Riba da Amana a Asibitin Kuɗi

Asibitin kuɗi, wato wanda wani mutum ko wata ƙungiya ta kafa da jarinta, yana ɗauke da nauyin da kowace sana'a take ɗauka: kuɗin haya, albashin likitoci da ma'aikatan jinya, man janareta, da magungunan da sai an biya kafin a sauke su. Asibitin da abin da ke shigo masa bai kai wanda ke fita ba, zai rufe ƙofa komai kyawun niyyar mai shi, kuma marasa lafiyan unguwa ne za su fara jin zafin rufewar. Sai dai hajar da ake sayarwa a cikinsa ta bambanta da ta kasuwa, domin mai sayen shadda yana taɓa ta ya taya, ya wuce rumfa ta gaba idan bai gamsu ba, alhali majinyaci yana zuwa ne cikin ciwo da tsoro, kuma mai sayar masa da maganin shi ne mai gaya masa yana buƙatarsa. Masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Kenneth Arrow, ya yi bayanin wannan a wata maƙala ta 1963, inda ya nuna cewa ratar sani tsakanin likita da majinyaci tana hana kasuwar magani tafiya kamar sauran kasuwanni, sai an cike gurbin da yarda.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tsayawa a kan wannan gaɓa. Halaccin karɓar ladan magani ba abin jayayya ba ne a wurin mafi yawansu, tunda ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Abu Ɗaiba ya yi wa Annabi (SAW) ƙaho, aka kuma ba shi ladansa na abinci. Abin da suka fi zurfafa bincike a kai shi ne yanayin ƙulla yarjejeniyar. Akwai ijara, wato biyan mutum a kan aiki sananne ko lokaci ƙayyadadde, ko an warke ko ba a warke ba, akwai kuma ji'ala, wato alkawarin lada wanda ba a cancanci karɓarsa sai buƙata ta biya. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo a cikin Risala, littafin da har yau ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, cewa ya halatta a yi sharaɗi da mai magani a kan samun waraka. Hikimar wannan hukunci a fili take, domin yana ɗaure amfanin mai magani da lafiyar majinyaci, ya kuma rage garari, wato jahiltar abin da ake ciniki a kansa har ɗaya ɓangaren ya cutu.

Da wannan ma'auni ya kamata a duba hanyar da kuɗi ke shiga asibiti, domin ita ce ke tarbiyyar ma'aikatansa fiye da duk wata nasiha. Idan kuɗin kati da na ganin likita kaɗan ne, ribar kuwa tana cikin allura da ƙarin ruwa da gwaje-gwaje da magungunan da ake sayarwa a tagar asibitin, to an ɗora likita a kan jarrabawa a gaban kowane majinyaci, domin gaya wa uwa cewa ɗanta hutu da ruwan gishiri da sukari kawai yake buƙata ya zama asara ga aljihun mai asibiti. Irin wannan riba tana zuwa da sauri, amma daga jarin yarda ake yankan ta, kuma mutanen gari suna ba juna labari a wurin suna da zaman makoki. Koriya ta Kudu ta ga girman matsalar har ta raba aikin rubuta magani da sayar da shi ta hanyar doka a shekarar 2000.

Asibitin ido na Aravind da ke Madurai a kudancin Indiya ya nuna wata hanya ta daban. Dokta Govindappa Venkataswamy ya kafa shi a 1976 da gadaje 11 bayan ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya sa gaba a kan yanar ido, wadda ke makanta ɗimbin talakawa alhali tiyatarta ba ta da tsawo. An tsara aikin yadda likita ba ya ɓata lokaci a kan abin da wani zai iya yi: 'yan mata da aka horar a asibitin suna yin awo da shirya majinyaci, likitan kuwa yana tsakanin gadaje biyu, yana gama wannan ya juya madubin tiyata kan wancan. Yawan aikin ya sauke kuɗin kowace tiyata, ya kuma goge hannun likitocin, ingancin ya jawo masu hali, abin da suka biya ya ɗauki nauyin marasa ƙarfi, waɗanda ake yi wa aiki kyauta ko da rangwame mai yawa. Likitocin albashi ake biyan su, kuma su ne ke zagayawa tsakanin ɓangaren masu biya da na kyauta. Da tsadar gilashin da ake dasawa a cikin ido ta zama cikas, sai suka kafa masana'antar Aurolab a 1992 suka riƙa ƙera shi da araha. Rarar da ake samu tana komawa cikin aikin, domin cibiyar a hannun amintattu take.

Ba kowane asibiti ne zai iya kwaikwayon wannan tsari baki ɗaya ba, domin yanar ido ciwo ne mai magani iri ɗaya wanda ake iya sa wa rana, alhali naƙuda mai gardama da haɗarin mota ba sa jiran a tara kuɗi. A nan ne ciniki yake kai iyakarsa, tunda wanda jini ke zuba daga jikinsa ba shi da zaɓin da ake sharɗantawa a cikin saye da sayarwa. Dokar Lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, amma ƙaramin asibiti ba zai iya ɗaukar wannan nauyi shi kaɗai ba sai da wata taska a bayansa. Musulmin farko sun tanadi wannan taska ta hanyar waƙafi, wato dukiyar da aka tsare asalinta ana ciyar da amfaninta, kamar yadda Sarki Ƙalawun ya yi wa asibitin Mansuri da ya gina a Alƙahira a 1284, inda kuɗin shiga na kadarorin da ya keɓe suke biyan likitoci da abinci da magani.